Mutumin da Ba a Yi Cigiyarsa Ba

Wannan shi ne filinmu na sharhin littattafai da finafinai.

Yau tafiyar tamu mai nisa ce, don sai mun dangana da Japan. Za mu duba littafin wani marubuci mai suna Keigo Higashino, wanda ya fito a shekarar 2005. Sunansa da Japananci Yogisha X no Kenshin, wato Sadaukarwar X Wanda Ake Zargi, masu karatu da Turanci kuma sun san shi da The Devotion of Suspect X. Daga fitowarsa zuwa yau an mai da shi fim a Japan, an yi a Koriya ta Kudu, an yi a ƙasar Sin, an kuma yi a Indiya. Ina da yaƙinin cewa cikin masu sauraronmu akwai waɗanda suka kalli na Indiyar, Jaane Jaan na Kareena Kapoor, ba tare da sun san cewa saiwar labarin a Tokiyo take ba.

Kafin mu yi nisa, ga gargaɗi. Zan fasa ƙwai a wannan shiri, domin abin da nake son faɗa ba ya faɗuwa sai an tona asirin labarin. Wanda ke da niyyar karanta littafin ko kallon fim ɗin, kuma ba ya son a ɓata masa, to ya rage muryar rediyonsa, ba zan yi fushi ba.

Shi dai Higashino an haife shi a birnin Osaka a 1958. Injiniyan lantarki ne ta fuskar karatu, ya kuma yi aiki a kamfanin Denso mai ƙera kayan motoci. Yana aikin yana rubutu da dare da ranakun hutu, har a 1985 littafinsa Hokago ya ci kyautar Edogawa Rampo, wadda ake ba sababbin marubutan labaran bincike. Shekara na zagayowa ya ajiye aiki ya koma Tokiyo ya rungumi alƙalami. Sau 5 ana saka sunansa cikin masu neman kyautar Naoki, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan adabi a Japan, yana faɗuwa. Wannan littafin ne ya ciyo masa ita a farkon 2006. Da aka fassara shi zuwa Turanci a 2011, ya shiga jerin littattafan da suka yi takarar kyautar Edgar ta Amurka a 2012.

To, me ke cikin littafin?

Wata mata ce mai suna Yasuko Hanaoka. A da tana aiki a gidan shaƙatawa na dare, ta bar wannan sana'a ta koma sayar da abincin rana a wani ɗan shago, irin abincin da Japanawa ke shiryawa a ƙaramin akwati a tafi da shi wurin aiki. Tana zaune da 'yarta Misato, 'yar makarantar sakandare, a wani ɗan ɗakin haya. Tsohon mijinta, Shinji Togashi, mashayi ne maci amana, wanda aka kora daga aiki saboda cin kuɗin kamfani. Aure ya mutu shekara 5, amma bai daina bin ta yana tatsar kuɗi ba. Duk inda ta koma sai ya gano. Ran nan ya sake gano ta, ya shigo har ɗaki, ya karɓi kuɗi, yana fita yana yada maganar da ta nuna ba rabuwa da su zai yi ba. Yarinyar ta ɗauki tulun furanni na tagulla ta maka masa a ƙeya. Ya juyo zai kashe ta da duka. Uwar ta fizgo wayar kotatsu, wani gajeren tebur mai hita a ƙarƙashinsa da Japanawa ke ɗumama ƙafa da shi lokacin sanyi, ta shaƙe shi, 'yar ta danne masa hannu, har rai ya yi halinsa.

Duk wannan a farkon littafin ya faru. Ka ga ke nan marubucin ya saɓa wa al'adar irin waɗannan littattafai, inda ake ɓoye mai kisa sai shafin ƙarshe. A nan ka san wadda ta yi, ka san dalili, ka san da abin da ta yi. Abin da ya rage maka shi ne ka ga yadda za ta ƙare.

Ana cikin wannan hali sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabcinsu ne, Tetsuya Ishigami, malamin lissafi a wata sakandare. Mutum ne gajere mai kauri, gashin kansa ya fara zubewa, ba ya da aboki, ba ya da iyali, ba ya da hira. Kullum da safe sai ya biya ta shagon Yasuko ya sayi abinci iri ɗaya, kuma masu shagon sun lura ba ya zuwa ranar da ba ta aiki. Ta jikin bango ya ji abin da ya faru, ya kuma gane sauran da ido ɗaya da ya jefa cikin ɗakin. Bai yi mata wa'azi ba, bai tambaye ta dalili ba. Ya ce ta bar masa gawar, ta bi abin da zai gaya mata kawai.

Bayan kwana biyu aka tsinci gawa a gefen tsohon kogin Edogawa, tsirara, an farfasa fuska, an ƙone yatsu. Kusa da ita ga keke, ga tufafi a cikin garwa da wuta ba ta gama cinyewa ba. 'Yan sanda suka ɗauki zanen yatsun da ke jikin keken, suka tarar ya yi daidai da wanda ke ɗakin da Togashi ya kama a wani masauki mai araha. Gashin da aka samu a ɗakin ya dace da na gawar. Likitoci suka ce an yi kisan ne a daren 10 ga Maris. Shi ke nan, gawa ta Togashi ce, kuma wa za a fara zargi in ban da tsohuwar matarsa?

Sai dai a daren 10 ga Maris Yasuko da 'yarta sun je silima, sun ci taliya a wani shago, sun ƙarasa a gidan karaoke, inda ake biyan kuɗi a rera waƙa da makirfo. Ga guntun tikitin silima da zanen yatsunsu a jiki. Ɗan sandan ciki mai suna Kusanagi ya bi wannan shaida ta gaba, ya bi ta ta baya, ya tabbata a ransa akwai lauje cikin naɗi, amma ya rasa inda zai kama. Duk tambayar da ya yi wa matar, amsa take ba shi ba tare da inda-inda ba.

A nan ne mutum na uku ya shigo, Manabu Yukawa, malamin kimiyyar fiziks a jami'a, wanda 'yan sanda ke yi wa laƙabi da Galileo saboda yadda yake warware masu abin da ya gagare su. Ashe shi da Ishigami tare suka yi jami'a, kuma a ganinsa bai taɓa haɗuwa da mai ƙwaƙwalwa irin tasa ba. Ya ɗauki kwalbar giya ya kai masa ziyara bayan fiye da shekara 20 ba su haɗu ba, ba da wani zargi a ransa ba. Abin da ya fara tayar masa da hankali ƙarami ne ƙwarai. Wata rana suna tafe, Ishigami ya hango siffarsu a gilashin ƙofa, ya yi maganar yadda Yukawa bai tsufa ba, shi kuwa gashinsa ya tafi. Yukawa ya san abokinsa. Mutumin da bai taɓa damuwa da kamanninsa ba, yau shi ke duba kansa a gilashi? To lallai akwai mace a zuciyarsa.

Masu sauraro, ga ƙwan da na ce zan fasa. Ba ranar 10 ga Maris aka kashe Togashi ba, ranar 9 ne. Gawar da aka tsinta a bakin kogi kuwa ba tasa ba ce. Ishigami ya je cikin marasa galihun da ke kwana a gefen kogin Sumida, ya zaɓi wani da bai daɗe da faɗawa cikin wannan rayuwa ba, ya yaudare shi da sunan zai ba shi ɗan aiki. Ya tura shi ɗakin Togashi ya wuni a can, don ya bar gashinsa da zanen yatsunsa. Ya sato sabon keke, sabo fil, don ya tabbata mai shi za ta kai ƙara a san ranar da aka sace shi. Da dare ya yi ya shaƙe bawan Allah nan da wayar kotatsu ɗin, ya lalata masa fuska. Gawar Togashi ta gaskiya kuwa ya daddatsa ta ya nutsar a kogi. Shi ya sa Yasuko ba ta yi wa 'yan sanda ƙarya a kan shaidarta ba. Suna tambayarta inda take a daren 10, ita kuwa a daren 10 tana silima da gaske. Ita kanta ba ta san dalilin da ya sa suke nanata wannan rana ba.

Marubucin ya riga ya ba mu mabuɗi ta bakin Ishigami, lokacin da yake bayanin yadda yake shirya wa ɗalibansa jarrabawa: yakan kawo tambayar da za ka ɗauka ta lissafin siffofi ce, alhali ta wani fanni ce dabam. 'Yan sanda sun ɗauka aikinsu shi ne rusa shaidar silima. Tambayar gaskiya ita ce, gawar wane ne wannan?

Da ƙasa ta fara tsagewa, Ishigami ya fito da kashi na biyu na shirinsa. Ya kai kansa ofishin 'yan sanda ya ce shi ya kashe Togashi, ya nuna kansa a matsayin tababbe mai bibiyar mace yana addabarta da wasiƙu da waya. Ya yarda a ƙi shi, a raina shi, ya ƙare rayuwarsa a kurkuku, in dai ita za ta tsira. Dalilinsa kuma shi ne, shekara guda kafin nan ya yanke ƙauna da duniya, yana gab da halaka kansa, sai ga Yasuko da 'yarta sun buga ƙararrawar ƙofarsa, sun zo gaisuwar sababbin maƙwabta. Wannan gaisuwa ce ta tsayar da shi. Tun daga ranar yake ganin ransa bashi ne a wuyansa.

Nan ne mai karatu ke samun kansa yana share hawaye, yana cewa kai, wannan ita ce ƙauna. Ni kuma nan ne nake so mu tsaya mu yi wa kanmu tambaya. Wane ne ya biya wannan bashi? Ishigami ya ce ransa ya bayar. Amma kafin ya ba da nasa, ya ɗauki na wani wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Ku dubi yadda Higashino ya buɗe littafin. Kafin mu ga Yasuko, kafin mu ga jini, sai da ya bi da mu hanyar da Ishigami ke bi zuwa makaranta kowace safiya, ta gefen kogin Sumida. Ga bukkokin kwali da katako an lulluɓe da shuɗin tamfol. Ga wani dattijo yana goge baki. Ga wani yana tattaka gwangwanaye da zai kai wa masu saye. Ga wani kuma zaune a benci, kwat ɗinsa bai gama tsufa ba, gemunsa a aske, alamar har yanzu yana sa ran samun aiki. Ishigami ya taɓa ganinsa yana karanta mujallar masana'antu, sai ya raɗa masa suna Injiniya a ransa. Marubucin ya nuna mana shi ƙuru-ƙuru. Daga baya aka sake bi da mu ta wannan hanya, sauran suna nan, shi babu shi. Mu masu karatu kuma ba mu tambaya ba. Hankalinmu na kan tikitin silima.

Wannan ba ƙirƙirar marubuci ba ce kawai. Bayan tattalin arzikin Japan ya durƙushe a farkon shekarun 1990, kamfanoni sun sallami ma'aikata, ayyukan gine-gine sun ja baya, magidanta da yawa suka wayi gari a wuraren shaƙatawa da gefen koguna. A 2002 majalisar ƙasar ta yi doka ta musamman kan marasa matsuguni, a 2003 kuma gwamnati ta yi ƙidayar farko ta ƙasa baki ɗaya, ta samu mutum 25,296. A wannan shekarar ce Higashino ya fara fitar da labarin kashi-kashi a mujalla. Adadin ya ragu sosai daga baya, har ya sauko ƙasa da 3,000 a 2024, amma a lokacin da littafin ya fito, duk mazaunin Tokiyo ya san shuɗin tamfol ɗin nan, ya kuma saba wucewa ta gabansa bai waiwaya ba.

Littafin ya jawo muhawara a tsakanin marubutan Japan. Suna da wani reshe na labarin bincike da suke kira honkaku, wanda ƙa'idarsa ita ce a shimfiɗa wa mai karatu dukkan alamu, ta yadda in yana da basira zai iya gano amsa da kansa. Marubuci Reito Nikaido ya ce littafin bai cika wannan sharaɗi ba. Wani marubucin kuma mai sharhi, Kiyoshi Kasai, ya ce ya cika, kuma wasan ma mai sauƙi ne. A ganinsa abin dubawa shi ne yadda masu karatu suka kasa lura da ɓatan mutumin benci, don sun saba kallon irinsa ba su gan shi ba. Ni a nan na tsaya. Dabarar Ishigami ba ta dogara da lissafi kaɗai ba. Ta dogara da tabbacin da yake da shi cewa akwai mutanen da in sun ɓata ba mai zuwa cigiya. Kuma ya canka daidai.

Shi ya sa ƙarshen littafin yake da muhimmanci. Yukawa ya je ya gaya wa Yasuko gaskiyar da aka ɓoye mata. Ta so ta yi shiru, kamar yadda Ishigami ya roƙe ta, ta auri wani mutumin kirki mai suna Kudo da ke nemanta. Sai labari ya zo cewa 'yarta ta yi yunƙurin halaka kanta a makaranta, don nauyin sirrin ya fi ƙarfinta. Yasuko ta je ta miƙa kanta. Da Ishigami ya gan ta a ofishin 'yan sanda, ya gane duk abin da ya gina ya rushe, sai ya fashe da wani irin kuka mai kama da na dabba. Marubucin bai bar shi ya ci riba ba. Ya ba mu damar tausaya masa, amma bai ba mu damar tafa masa ba.

Yanzu bari mu ga abin da masu fim suka yi da wannan kaya.

Na farko shi ne na Japan, wanda ya fito a watan Oktoba na 2008, Hiroshi Nishitani ya ba da umarni. Kafin nan, a 2007, gidan talabijin na Fuji ya yi wasan kwaikwayo mai dogon zango mai suna Galileo, inda mawaƙi kuma jarumi Masaharu Fukuyama ya fito a Yukawa. Jama'a sun shiga silima suna sa ran barkwanci da gwaje-gwajen kimiyya irin na talabijin, sai suka tarar da fim mai nauyi. Jarumin da ya ɗauke fim ɗin shi ne Shinichi Tsutsumi a matsayin Ishigami, Yasuko Matsuyuki kuma ta fito a Yasuko. An ƙara 'yar sanda mace mai suna Utsumi, wadda Ko Shibasaki ta fito a matsayinta, an ƙara hawan dutse cikin dusar ƙanƙara, an mai da kwanan watan zuwa Disamba. Amma ƙashin bayan labarin na nan, har da kukan ƙarshe. Kyamara ma ta yi abin da rubutu ya yi: ta nuna mutumin a benci, daga baya ta nuna bencin ba kowa. Fim ɗin ya tara kusan yen biliyan 5, ya zo na uku cikin finafinan Japan na wannan shekara. Inda zan ɗan yi ƙorafi shi ne, Tsutsumi kyakkyawan mutum ne dogo, duk yadda ya ranƙwafa ya ja ƙafa. Tausayin kyakkyawa ya fi saurin shiga zuciya, kuma da zarar tausayinsa ya yi yawa, sai na mamacin ya ragu.

Na Koriya ta Kudu ya fito a 2012, an san shi da Perfect Number, kuma mace ce ta ba da umarni, Bang Eun-jin. Ita sai ta cire malamin fiziks ɗin gaba ɗaya, ta haɗe shi da ɗan sanda suka zama mutum ɗaya, tsohon abokin makarantar malamin lissafin, wanda Cho Jin-woong ya fito a matsayinsa. Yarinyar ta tashi daga 'ya ta koma 'yar 'yar'uwa. Ryoo Seung-bum ya fito a malamin, Lee Yo-won a matar. Da aka cire Yukawa, an cire karon ƙwaƙwalwa biyu, abin da ya rage shi ne labarin soyayya mai sa kuka. Fim ne mai kyau a irinsa, amma tambayarsa ta koma yaya zurfin son da yake mata, maimakon me wannan so ya jawo.

Na ƙasar Sin ya zo a 2017, Alec Su ya ba da umarni, da Wang Kai da Zhang Luyi da Ruby Lin. Ya fi kusa da na Japan a tsari, matar ma ta amsa laifinta a ƙarshe. Sai dai an mai da masanin kimiyyar malami a kwalejin 'yan sanda, wato ya zama ɗan gida a wurin hukuma. A littafi kuwa Yukawa bare ne, ba wanda ya ɗora masa aikin kama kowa, shi ya sa zaɓin da ya yi tsakanin abota da gaskiya ya fi ciwo.

Sai Indiya. A 2019 an yi wani fim da harshen Tamil mai suna Kolaigaran, da Vijay Antony da Arjun, wanda masu sharhi suka danganta da wannan littafi. Amma wanda ya fi shahara shi ne Jaane Jaan na Sujoy Ghosh, mai fim ɗin Kahaani, wanda Netflix ya saki ranar 21 ga Satumba, 2023. An kai labarin Kalimpong, wani gari mai hazo a kan duwatsun arewacin jihar Bengal ta Yamma. Kareena Kapoor ce Maya, mai ɗan shagon shayi da abinci. Jaideep Ahlawat ne malamin lissafi Naren, kuma a gaskiya shi ya fi kowa kama da Ishigami na littafi, da sanƙonsa da nauyin jikinsa da rashin iya magana. Vijay Varma ne ɗan sandan da ya zo daga Mumbai, shi ma abokin karatun malamin ne. Mijin da aka kashe an mai da shi gurɓataccen ɗan sanda, kotatsu ya zama hitar ruwa. Duk wannan gyara ne mai kyau, don an ɗinka wa labarin rigar da ta dace da wurin.

Inda muka raba hanya da Sujoy Ghosh shi ne ƙarshe. A Jaane Jaan Maya ba ta miƙa kanta ba, ta tsira da 'yarta. Naren ya tafi kurkuku, ya samu abin da ya daɗe yana nema, wato kaɗaici da lokacin da zai duƙufa a kan lissafinsa. Kowa ya samu nasa. Mara galihun da aka kashe kuwa ya zama kamar kayan aiki, an yi amfani da shi an wuce. Mai kallo zai tashi da murmushi yana cewa malam ya iya. Wato fim ɗin ya faɗa cikin ramin da littafin ya haƙa don ya nuna mana halinmu.

Na san wani zai ce, ai wannan labarin Drishyam ne. Akwai kama, ba shakka. Drishyam ya fara fitowa da harshen Malayalam a 2013, Jeethu Joseph ya ba da umarni, Mohanlal ya ja fim ɗin, sannan aka sake shi da Indiyanci a 2015 da Ajay Devgn da Tabu. An yi ta cewa daga Higashino aka ɗauko, daraktan kuma ya musanta. Ko ma mene ne, akwai bambanci babba. Uban da ke Drishyam ya kare iyalinsa da wayo, ya rikita wa shaidu kwanan wata, amma bai kashe wani bare don ya cike gurbi ba. Shi ya sa za ka iya goyon bayansa zuciyarka ba ta dame ka sosai ba. Higashino da gangan ya hana ka wannan sauƙi.

Wannan ya kawo mu gida. Mu ma'abota finafinan Indiya ne tun zamanin silimun Kano da Kaduna da Jos, yau kuma ga fassarar Indiya-Hausa a kowace waya. Masu shirya finafinanmu sun sha zargin wankiya, wato ɗauko labarin wasu a sauya masa suna. Ni ban ɗauki aro abin kunya ba, in an nemi izini an kuma faɗi tushe. Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Gabas da Yamma ya zuba a Magana Jari Ce, suka zama namu har yau. Abin lura ga mai aro shi ne ya san wane ɓangare ne ado, wane ne ginshiƙi. A wannan labari, sunan gari ado ne, wayar da aka yi kisa da ita ado ce, ko malamin fiziks ma an cire shi labarin bai faɗi ba. Ginshiƙin shi ne mutumin benci, da kuma hukuncin da labarin ya yanke a kan jininsa. Duk daraktan da zai kawo irin wannan labari garuruwanmu ba zai sha wahalar samun mutumin benci ba, don muna da masu kwana a tasha da ƙarƙashin gada da bakin kasuwa, waɗanda ba wanda ya san sunansu na yanka. Aikinsa shi ne ya tabbata mai kallo ya fita yana tambayar sunan.

Shawarata ga mai son shiga wannan labari ita ce ya fara da littafin in ya samu, sannan fim ɗin Japan na 2008, sannan Jaane Jaan saboda wasan Jaideep Ahlawat. In an gama, a zauna da abokan kallo a yi gardama a kan tambaya ɗaya: abin da Ishigami ya yi, sadaukarwa ce ko zalunci? Ni dai amsata ita ce, mutum na da ikon ya ba da abin da ya mallaka, amma ran wani ba mallakinsa ba ne, ko da mai ran ba ya da gida, ba ya da dangi, ba ya da mai nemansa.

A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Muna jiran ra'ayoyinku, musamman waɗanda suka kalli ɗaya daga cikin finafinan nan kuma suke ganin na yi wa malamin lissafi tsauri.